Zari-ruga: Yadda ake gadon kulob a arewacin Ingila

A birnin Hull da ke arewa maso gabashin Ingila, ba kasafai ake tambayar mutum kulob ɗin zari-rugar da yake goyon baya ba. Da zarar ya faɗi unguwarsu, an riga an san amsar.

Kogin Hull ne ya raba birnin gida biyu. Galibin mazauna yamma da kogin magoya bayan Hull FC ne, masu riga baƙi da fari, yayin da na gabas ke bin Hull Kingston Rovers, masu ja da fari. Abin mamaki shi ne a yammacin aka kafa Rovers ɗin a 1882, daga baya ta yi ƙaura zuwa gabas.

A 1980 kulob ɗin biyu sun kara a wasan ƙarshe na gasar Challenge Cup a filin Wembley da ke Landan, gaban 'yan kallo kimanin 95,000. Rovers ce ta yi nasara da ci 10 da 5, kuma har gobe magoya bayanta ba su daina yi wa maƙwabtansu gori a kai ba.

Asalin lamarin

Tushen wannan shaƙuwa na komawa ne ga ranar 29 ga watan Agustan 1895, lokacin da wakilan kulob-kulob na arewa suka gana a otal ɗin George da ke Huddersfield, inda guda 22 suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta Ingila.

Batun kuɗi ne ya haddasa rikicin. Yawancin 'yan wasan arewa ma'aikatan haƙar kwal ne da na masaƙu da tashoshin jiragen ruwa, waɗanda ke asarar ladan aiki duk ranar Asabar da suka fita wasa. Kulob ɗinsu sun nemi a ba su damar biyansu diyya, amma hukumar, wadda masu hannu da shuni suka mamaye, ta ƙi amincewa.

Daga nan aka samu nau'in wasan da ake kira Rugby League, wanda tun 1906 ake bugawa da 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, maimakon 15.

Saboda haka tun farko kulob ya zama mallakar gari. Wanda ake yi wa tafi ranar wasa, shi ake shiga ramin kwal da shi ranar Litinin. Yaro kan fara zuwa fili ne riƙe da hannun mahaifinsa ko kakansa, kafin ma ya san ƙa'idojin wasan, kuma da wuya ya sauya sheƙa bayan ya girma.

Garin Featherstone, mai mutane kimanin 15,000, misali ne. Kulob ɗinsa ya doke Hull FC da ci 14 da 12 a Wembley a 1983, shekara guda kafin yajin aikin masu haƙar kwal da ya jigata yankin.

Sai dai ba kowa ba ne ya gada. Wasu taurari ne suka ja hankalinsu, irin su Martin Offiah, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. A 1992 Wigan ta saye shi daga Widnes a kan fam dubu 440.

Yunƙurin haɗewa

An gwada ƙarfin wannan biyayya a 1995, lokacin da kamfanin attajirin nan Rupert Murdoch ya zo da tayin miliyoyin fama-famai don kafa gasar Super League. Shirin ya tanadi a narkar da wasu kulob su zama ɗaya: Featherstone da Castleford da Wakefield a ƙarƙashin sunan Calder, Widnes da Warrington, har ma da kulob biyu na Hull.

A lissafin kasuwanci shirin yana da ma'ana, to amma waɗanda suka tsara shi ba su yi la'akari da cewa hamayya da maƙwabci na daga cikin abin da ke kai mutane fili ba. Magoya baya sun yi ta zanga-zanga, kuma cikin 'yan makonni aka janye batun.

An ga irin haka a Ostareliya, bayan an cire South Sydney daga gasar ƙasar a ƙarshen 1999. Dubun-dubatar jama'a sun yi maci a titunan Sydney a 2000, aka kuma yi ta fafatawa a kotu har kulob ɗin ya koma gasar a 2002.

Su kuwa magoya bayan Rovers a gabashin Hull, sun shafe shekaru 40 ba su ga babban kofi ba, sai a 2025 da kulob ɗin ya lashe Challenge Cup da kuma gasar Super League.