FASHIN BAƘI: Daga ɗakin kwana zuwa dandamali, abin da ya shiga tsakanin Bo Burnham da masoyansa

Ranar 22 ga Yuli, 2021, matasa sun yi dafifi a gidajen sinima da dama a Amurka domin kallon wani fim da akasarinsu sun riga sun gama kallonsa a wayoyinsu, wasu ma har sun haddace waƙoƙin da ke cikinsa. Fim ɗin mai suna Inside, tun ranar 30 ga Mayu kamfanin Netflix ya sake shi. Babu wani sabon abu da za a nuna masu, kuma Bo Burnham, mutumin da ya shirya shi, ba ya wurin. Dare ɗaya aka tsara da farko, amma saboda yadda aka yi rububin tikiti sai da aka ƙara kwanaki.

To me waɗannan matasa suka je saye da kuɗinsu? Amsar tana cikin tarihin wata sana'a da intanet ya raya, da kuma labarin ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a cikinta, wanda ɗakin taron da masoyansa ke mararin shiga ya zame masa wurin azaba.

Barkwancin da ba ya tsufa

Barkwanci cikin waƙa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan kama a kasuwa, suna ɗaukar karin waƙar da kowa ya sani su juye ta zuwa zancen tuwo da miya. Abin da ya bambanta irin wannan da barkwancin baki zalla shi ne yadda kowannensu ke rayuwa. Labarin ban dariya da mamaki yake aiki, kuma da zarar an ji ƙarshensa sau ɗaya ya rasa rabin kaifinsa. Ita kuwa waƙa maimaici ne abincinta. A saurare na goma ta fi daɗi a kan na farko, domin a lokacin ne baki ke iya binta.

Wannan ne ya sa sana'ar ta dace da intanet kamar don shi aka yi ta. Waƙar minti uku tana shiga waya cikin sauƙi, ana tura wa aboki, ana sake kunna ta, kuma manhajojin da ke zaɓar wa mutum abin da zai kalla sun fi ɗaga abin da ake yawan komawa kansa. Shi ya sa kuma mai sha'awar irin wannan barkwanci yake zuwa ɗakin taro da wata niyya daban. Ya riga ya san inda za a yi dariya. Abin da yake nema shi ne ya ji ɗaruruwan mutane sun fashe da ita tare da shi a daidai wurin da ya saba darawa shi kaɗai a kan katifarsa, ya kuma ga cewa mai waƙar nan mutum ne mai jini da tsoka.

An haifi Burnham a 1990 a garin Hamilton na jihar Massachusetts. A ƙarshen 2006, yana ɗan shekara 16, ya ɗauki kansa a bidiyo cikin ɗakin kwanansa yana kaɗa fiyano yana rera waƙoƙin shaƙiyanci, ya ɗora a YouTube domin yayansa da ke jami'a ya gani. YouTube ɗin kansa a lokacin jariri ne: a 2005 aka buɗe shi, kuma bai jima da shiga hannun Google ba, wanda ya saye shi a kan dala biliyan 1.65. Bidiyon ya bazu fiye da yadda yaron ya zata. Yana da shekara 18 tashar Comedy Central ta ɗauki shirinsa na rabin awa, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya samu wannan dama a lokacin. Jami'ar New York ta ba shi gurbin karatun wasan kwaikwayo, ya jingine shi ya bi sana'a.

Waƙoƙin farkon nan ba abin alfahari ba ne duka. Cike suke da zolayar launin fata, addini, jinsi da naƙasa, irin wautar da ɗan sakandare ke ɗauka jarumta ce. A 2009 wasu ɗalibai sun yi zanga-zangar ƙin wasansa a kwalejin Westminster da ke jihar Missouri. Shi da kansa daga baya ya nesanta kansa daga yawancinsu. Sai dai intanet ba ya mantuwa, kuma wanda ya girma a gaban kyamara ba shi da damar da sauran mutane ke da ita ta binne ƙuruciyarsu.

Son maso wani

Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu kan irin shaƙuwar da mai kallon talabijin ke ji da mai gabatar da shiri: yana ganin fuskarsa kullum, ya san muryarsa da ɗabi'unsa, har ya riƙa ɗaukarsa tamkar aboki, alhali shi wancan bai ma san da zamansa a duniya ba. Zumunci ne mai tafiya ta hanya ɗaya. Abin da talabijin ya fara, wayar hannu ta kai shi maƙura, domin shi tauraron intanet daga ɗakinsa yake magana, yana kallon cikin idon kyamara, mai kallo kuma yana riƙe da shi a tafin hannu da tsakar dare. Ga matashin da ya fara bin Burnham tun suna sa'o'in juna, tare suka girma.

Burnham ya gane wannan da wuri, kuma bai ɓoye wa masoyansa ba. A wani wasansa da aka ɗauka a bidiyo, wata 'yar kallo ta ɗaga murya ta ce tana son sa. Ya mayar mata cikin raha cewa surar da ta zana a ranta take so, domin ba ta san shi ba, ya ma kira abin da sunan da masanan can suka ba shi, sannan ya roƙe ta kada ta fasa sayen kayansa. Aka yi dariya. Amma maganar ba wasa ba ce gaba ɗayanta, kuma wasansa na 2013 mai suna what. da irin wannan jigo ya rufe: muryoyin mutane iri-iri suna ta iƙirarin sun san ko shi wane ne.

A shekarar 2013 ɗin ne, a bikin wasanni na birnin Edinbura da ke Birtaniya, inda shekara uku kafin nan ya ci kyauta, firgici ya fara kama shi a kan dandamali. Wannan larura ce da likitoci suka sani: zuciya ta kama dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gani ya ƙuntata, mutum ya ji kamar ajalinsa ne ya zo, ba tare da wani haɗari a gabansa ba. Abin da ya tsananta lamarin a wurinsa shi ne salon wasan nasa. Mai barkwancin baki zai iya tsayawa ya sha ruwa, ya ja wani ɗan kallo da hira har ya dawo hayyacinsa. Wasan Burnham kuwa an riga an ɗaure shi da sautin da aka naɗa da fitilun da aka saita, kowane motsi da daƙiƙarsa. Kiɗa ba ya jiran kowa. Haka ya riƙa ƙarasa wasa cikin wannan hali sau da dama a rangadin Make Happy, dubban mutane na tafi ba su san abin da ke faruwa ba.

A ƙarshen wannan wasa, wanda Netflix ya fitar a 2016, ya shafe mintuna yana kwaikwayon salon mawaƙi Kanye West, yana ƙorafi kan ƙananan abubuwa na abinci, kafin ya juya ya shaida wa 'yan kallo cewa su ne babbar matsalarsa: yana son su, yana bukatarsu, yana kuma tsoronsu. Daga nan ya bar dandamali. Ya koma bayan kyamara, ya rubuta kuma ya ba da umarnin fim ɗin Eighth Grade na 2018, labarin wata yarinya 'yar shekara 13 mai ɗora bidiyon nasiha kan yarda da kai a YouTube, alhali a makaranta ko magana ba ta iya yi.

Ɗaki ɗaya, babu ɗan kallo

A cewarsa, a watan Janairun 2020 ya yanke shawarar komawa gaban jama'a. Sai korona ta zo, aka rufe wuraren taro. Ya shiga wani ɗaki guda a harabar gidansa da ke Los Angeles, ya shafe kusan shekara yana rubutawa, yana ɗauka, yana saita fitila, yana tacewa, duk shi kaɗai. Abin da ya fito shi ne Inside, wanda ya ci kyautar Emmy uku, waƙarsa All Eyes on Me kuma ta ci Grammy a 2022.

A nan ne aikin nasa ya fi shiga siyasa. Akwai wurin da yake rera wata waƙa irin ta yara game da yadda duniya ke tafiya, sai ya sa safa a hannu ya mayar da ita 'yar tsana mai magana. Safar ta fara zayyano yadda ake tatsar gumin ma'aikata da yadda 'yan siyasa ke kare masu dukiya. Da ta matsa har ta taɓo shi kansa, sai ya yi mata barazanar cire ta daga hannunsa, ya tilasta mata ba da haƙuri da kiransa da girmamawa, sannan duk da haka ya cire ta. Duk wanda aka taɓa rufe wa shafi, ko aka rage wa masu ganin rubutunsa ba tare da bayani ba, ba ya bukatar a fassara masa wannan. Mai murya daban, mai hannun da muryar ke kai daban.

Shi ma bai kuɓuta daga wannan tarko ba, kuma ya sani. Fim ɗin da ke sukar manyan kamfanonin fasaha, ɗaya daga cikinsu ne ya raba shi ga duniya. Waƙoƙin da ke kukan yadda intanet ke cinye hankalin yara, a TikTok suka fi bazuwa, an yayyanka su gutsi-gutsi. Waƙar da ya yi ta shaguɓe ga Jeff Bezos, mai kamfanin Amazon, ta sake tashe lokacin da attajirin ya yi tafiyarsa ta 'yan mintuna zuwa sararin samaniya ranar 20 ga Yuli, 2021, kuma kowane kallo da ta samu riba ce ga wani kamfanin. Masu sukarsa na cewa irin wannan barkwanci yana sa matashi ya ji kamar ya yi gwagwarmaya alhali dariya kawai ya yi. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake shi bai taɓa cewa waƙa za ta gyara duniya ba. Akwai ma waƙa guda a fim ɗin da ya yi musamman don yi wa wannan tunani ba'a.

Kwana biyu bayan tafiyar Bezos ne aka buɗe ƙofofin sinima. A cikin All Eyes on Me, Burnham yana tsaye shi kaɗai cikin shuɗin haske, ana jin shewar 'yan kallon da babu su, domin naɗaɗɗiya ce, yana umartar kujerun da ba kowa a kai da su miƙe su ɗaga hannu. A wannan dare an samu masu amsa masa. Matasan da suka shafe fiye da shekara a kulle, kowa yana kallonsa a ɗakinsa, sun zauna kafaɗa da kafaɗa suna rera waƙoƙin tare, suna fuskantar allon da ba ya ganinsu. Sun samu abin da suka zo nema, wato junansu, shi kuma babu wanda ya tilasta masa tsayawa a gabansu.

A 2022 ya sake shiga ɗakin taro mai ɗauke da 'yan kallo na gaske, a wani ƙaramin gidan kiɗa da ke New York, inda aka ɗauki wasan abokinsa Jerrod Carmichael mai suna Rothaniel. Shi ne mai ba da umarni, yana bayan kyamara. A ƙarshen watan Mayun wannan shekara kuma ya tattara ragowar abin da ya ɗauka a ɗakin nan, fiye da awa guda, ya ɗora kyauta a YouTube.