Injin da Ba Ya Barci a Gindin Ƙarfen Sabis

'Yan'uwa, duk wanda ƙarfen sabis na waya yake kusa da gidansa ya san ƙarar janaretan nan da ba ta tsayawa dare da rana. Mun yi murna ranar da aka kafa shi, gama yanzu muna iya jin muryar 'ya'yanmu da ke birni, mu kuma kira mai mota in mace tana naƙuda. Amma bari mu duba abin da ke faruwa a gindinsa.

Wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki. Na'urorin da ke jikin kowane ƙarfe suna bukatar wuta a kowane lokaci; in ta ɗauke, sabis ya tafi. Da yake wutar NEPA ba abin dogara ba ce, a ƙauyuka da yawa ma babu ita sam, sai kamfanoni suka koma ga janareta, sau da yawa guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Ba dukan wutar ce ke tafiya ga kira ba. Na'urorin suna yin zafi, sai an ƙona ƙarin mai don a sanyaya su.

Lita ɗaya ta man gas, in ta ƙone, tana sakin wajen kilo 2.7 na iskar kabon, wadda ke ƙara ɗumamar duniya. Mu manoma ba sai an yi mana dogon bayani a kan rikicewar damina ba. Aljihunmu ma yana ji: a 2022 kuɗin man gas ya ninka fiye da sau biyu, a Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Tsadar mai na cikin dalilan da kamfanonin suka bayar.

Akwai gyara da aka soma. A da kowane kamfani yakan kafa nasa ƙarfe da nasa inji, har ka ga uku a tudu ɗaya. Daga baya suka fara yin tarayya a ƙarfe guda. A 2014 MTN ya miƙa ƙarafansa sama da 9,000 ga kamfanin IHS, wanda ke ba da hayarsu. A 2022 IHS ya sanar da shirin sa farantan sola da batura a wurare da yawa. Da rana farantan suna ba da wuta suna cika batir, da dare batir ya karɓi aiki, inji ba ya tashi sai in ya kasa. Sai dai ƙurar hunturu tana rufe farantan, dole a riƙa goge su, ga kuma ɓarayin batir. In an sace batir, mu ne za mu kwana babu sabis.

To, in aka zo neman fili a garinmu, kada mu tsaya ga maganar kuɗin haya kaɗai. Dokar hukumar kare muhalli ta NESREA ta 2011 ta ce a bar aƙalla mita 10 tsakanin ƙarfen da gidan zama. Mu tambaya ina za a riƙa zubar da baƙin man da aka juye daga inji, domin in ya nutse a ƙasa yana iya kaiwa ga rijiya. Mu tambaya ko da sola za a yi aiki. A rubuta amsoshin a takardar yarjejeniya, a gaban mai gari da shaidu.

Tsofaffin batura irin na mota kuwa akwai dalma da ruwan batir a cikinsu. Kada a fasa su a cikin gida, kada yara su yi wasa da su, gama gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. A ajiye su inda ruwan sama ba ya taɓawa har masu karɓar tsofaffin batura su zo.