Yadda Wayar Android Ta Zama Kayan Aikin Masu Ƙara Wa Motar Turbo Ƙarfi

A ƙarƙashin sitiyarin kusan kowace mota ta zamani akwai wata 'yar kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2. Amurka ta wajabta ta a sabbin motoci tun 1996, don a riƙa duba matsalar injin da hayaƙin da yake fitarwa. Yanzu da ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin Torque, mai mota na iya karanta dalilin da ya sa fitilar injin ta kunnu tun kafin ya je wurin makaniki.

Sai dai wasu ba su tsaya a karatu ba, sun shiga rubutu.

Babban misali shi ne injin N54 na BMW, mai lita 3 da turbo biyu, wanda ya fito a motar 335i a 2006 da ƙarfin doki kusan 300. Aikin turbo shi ne amfani da hayaƙin salansa wajen juya wata farfela fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta cusa wa injin ƙarin iska. Kwamfutar injin ce ke ƙayyade yawan matsin iskar, kuma kamfanin ya bar shi wajen psi 8. Da manhajar MHD da igiyar da ke haɗa waya da kafar OBD2, mutum na iya sauya wannan lissafi yana zaune a ƙofar gidansa, matsin ya haura psi 13. Ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba, amma motar ta koma wata daban.

Haɗarin farko yana cikin rubutun kansa. Idan batirin mota ya yi sanyi ko igiya ta fisge ana tsakiyar aiki, kwamfutar na iya tsayawa cik, motar ta ƙi tashi. Shi ya sa masu ƙwarewa ke jona batirin da caja, su sa wayar a yanayin jirgin sama kafin su fara.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, wato fetur. Yawancin saitin da ke cikin irin waɗannan manhajoji an yi shi ne bisa lambar oktan ta Amurka, kuma 91 ɗinsu ya yi daidai da kusan RON 95. Wanda ya sayi tokumbo a Najeriya, inda ake auna mai da RON, ya ga 91 ya ɗauka ma'auni ɗaya ne, to ya ɗora wa injinsa abin da man ba zai ɗauka ba. Man zai riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma fistin ne ke shan wahalar.

Ga shi N54 ɗin da ma yana da nasa ciwon. Famfonsa mai tura fetur da matsi ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa, har BMW ta kira motoci a Amurka a 2010 don gyara shi. Ƙarin matsi kuwa kan tona asirin tsofaffin filogi da kwayil nan take. Don haka tsarin da ya fi hankali shi ne a fara da aikin da ba ya burge kowa: sabbin filogi, baƙin mai mai inganci a kan lokaci, da duba bututun iska ko yana yoyo. Bayan an sauya saitin, a bar wayar ta naɗi bayanan tafiya ɗaya. Idan ta nuna kwamfutar na yawan ja da lokacin tartsatsin filogi baya, alama ce man bai kai ba, a koma saiti na ƙasa.