Ko Kun Sani? Hutun Hunturu a Mürren

Ko kun sani cewa a ƙauyen Mürren, wanda ke lafe bisa kafaɗar dutse a ƙasar Suwizalan, inda har yau baƙo ba ya isa da mota sai ta jirgin igiya, wasu Turawan Ingila masu zuwa hutu cikin jama'a duk hunturu suka kafa ƙungiyar zamiya a kan dusar ƙanƙara mai suna Kandahar a shekarar 1924, bisa jagorancin Arnold Lunn?

A 1928, zamanin da babu wata na'urar hawa can sama, mutum 17 daga cikinsu suka ɗauki katakon zamiyarsu, suka hau dutsen Schilthorn da ƙafa cikin sanyi mai ratsa ƙashi, sa'an nan suka yi tseren gangarowa har kwarin Lauterbrunnen, tafiyar kusan kilomita 15, kowa yana bin hanyar da hankalinsa da ijtihadinsa suka nuna masa. Lalle wannan himma ta cancanci yabo. Tseren, wanda aka laƙaba wa Inferno, yana nan kowane Janairu, ana kuwa karɓar mutum wajen 1,850, galibinsu masu sha'awa ne kawai, ba sana'arsu ba ce.