An Sa Sabon Batir, Rimut Ya Ƙi Aiki: Kafin Ka Biya Kuɗin "Firogiramin"

Rimut ɗin mota ya fara sanyi, sai ka matso daf da ƙofa kafin ya amsa. Ka tsaya wurin mai gyaran agogo aka sa sabon batir, ka dawo ka danna, shiru. Wanda jiya yake aiki da ƙyar, yau ko motsi ba ya yi. In motar Baba ce ko ta yaya ka aro, ka san irin zufar da ke karyowa a nan. Abin da za ka fara ji daga bakin mutane shi ne "ai firogiramin ɗinsa ya goge", a tura ka wurin mai kwamfuta ya caje ka dubbai. A matsayina na ɗalibin sashen lantarki, ina ganin wannan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka zarga. Yawancin rimut suna ajiye lambobinsu a ma'adanar da ba ta gogewa don an cire batir, kamar yadda hotunan da ke memori ba sa ɓacewa don waya ta mutu.

Mu fara da batirin kansa. Rubutun da ke jikinsa awo ne. CR2032 na nufin faɗin milimita 20 da kaurin milimita 3.2, CR2025 kaurinsa 2.5, CR2016 kuma 1.6. Duka ƙarfinsu bolt 3 ne, faɗinsu ɗaya, shi ya sa mai shago zai ce maka "duk ɗaya ne, Malam". To ba ɗaya ba ne. Siriri a gurbin mai kauri yana lilo, ya taɓa ƙarfe yanzu ya saki anjima. Akwai kuma wani tarkon: wasu rimut ɗin CR2016 guda biyu suke ɗauka a ɗore, wato bolt 6. Kaurin biyun a haɗe daidai yake da CR2032 guda ɗaya, don haka zai zauna daram a gurbin, amma rabin wutar da ake buƙata kawai zai bayar. Rimut na ƙararrawar da aka saka wa mota daga baya kuwa, da yawansu ɗan dogon batir 23A ko 27A mai bolt 12 suke amfani da shi. Kar ka yar da tsohon batir sai ka kwatanta shi da sabon.

Sabo ma ba lallai mai rai ba ne. Batirin da ya shekara a kan tire yana shan rana, ko na jabu, zai iya fitowa daga kwali a gajiye. Mu da muke da mita a ɗakin gwaji, wannan aikin minti ɗaya ne: lafiyayyen sabo yana nuna kusan 3.2 zuwa 3.3. In ka ga yana ƙasa da 3, ni dai ba zan yarda da shi ba, domin lokacin da aka danna madanni ne rimut ke zuƙar wuta, a nan ne raunin ke fitowa. Duba kuma ko akwai 'yar sitika a bayansa da ba a ɓare ba. Wasu kamfanoni, irin su Duracell, suna shafa wa nasu wani abu mai ɗaci don kada yara su haɗiye, kuma shafin kan hana wuta wucewa a wasu na'urori, sai an goge. (Maganar yaran ba wasa ba ce. Irin wannan batir in ya maƙale a maƙogwaron yaro yana ƙona nama cikin sa'o'i kaɗan, don haka kar a bar tsohon a tsakar gida.)

Sai fuskar da aka kwantar da shi. Ɓangaren da ke da rubutu da alamar tarawa shi ne fozitib. A wasu rimut sama yake kallo, a wasu ƙasa, kuma galibi akwai alamar a jikin robar. In an juya shi, ba abin da zai yi aiki.

Inda aka fi samun matsala, a ganina, shi ne 'yan ƙarafunan da ke riƙe batir. Mai sauri yakan zura sukudireba ya ɓanɓaro tsohon da ƙarfi, ƙarfen ya lanƙwashe ya daina matse sabon. Ɗaga shi kaɗan da tsinke, a hankali, don yana karyewa. In ka ga tsatsa ko kore-kore, wanda zufar aljihu da damina ke jawowa, goge da auduga da ɗan sifirit, ka bari ya bushe. Wani lokaci kuma dalmar da ta liƙe ƙarfen da koren allon nan, wanda masu gyaran waya ke kira fanel, ita ce ta tsage. Wannan duk mai gyaran waya zai ɗaure maka. Wajen rufewa ka tabbata robar madannai ta zauna daidai a kan maɓallanta, murfin kuma ya rufu ruf.

Akwai abin da ya kamata kowa ya gane: makullin mota na zamani na'urori biyu ne a gida ɗaya. Na farko rimut ne mai buɗe ƙofa, mai aiki da batir. Na biyu wani ɗan ƙaramin cif ne da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa makullin na gaske ne. Shi ba ruwansa da batir, daga zoben da ke kewaye da ramin makulli yake samun wutarsa. Saboda haka in ƙofa ta ƙi buɗuwa amma mota na tashi, matsalar ta rimut ce kawai. In kuwa bayan buɗe makullin mota ta koma tana juyi ba ta kamawa, to koma inda aka buɗe shi ka duba ƙasa. A wasu makullan cif ɗin a ware yake, bai fi ƙwayar wake ba, yana faɗuwa ba a lura ba. Masu mota mai madannin tayarwa kuma, ko batir ya mutu murus, a Toyota da Honda ana kanga rimut ɗin a jikin madannin a taka birki a danna. Ƙofa kuwa akwai siririn makulli a ɓoye cikin rimut.

Yanzu mu zo kan abin da ake kira firogiramin. Duk dannawa ɗaya, rimut yana aika sabuwar lamba, mota kuma tana lissafin wadda take jira. In an yi ta dannawa nesa da mota, lissafin yakan saɓa. Sau da yawa danna sau biyu ko uku a jere kusa da mota ya isa. Wasu motocin suna da tasu hanyar. A Peugeot irin su 307, ka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, nan take ka danne madannin kullewa na 'yan daƙiƙu, ka kashe ka zare. A Golf 4, ka danna madanni sau ɗaya, sannan cikin minti ɗaya ka buɗe ƙofar direba da makulli. Littafin motar ya fi kowa sanin nata, kuma ana samunsa a intanet kyauta.

Wata dabara da nake yawan ji ita ce haska rimut a kyamarar waya. Wannan na rimut ɗin talabijin ne, mai aiki da hasken da ido ba ya gani. Na mota da igiyar rediyo yake magana, megahaz 315 a motocin Amurka, kusan 433 a na Turai, kyamara ba za ta nuna maka komai ba. Wannan bambancin ne ma ya sa rimut ɗin Beljiyam da aka tsinto a kasuwa ba zai yi wa motar Amurka aiki ba, ko da kamarsu ɗaya.

In akwai sifiya a gida, gwada shi. Ya yi aiki, laifin na makullinka ne. Shi ma ya ƙi, to koma kan motar: ƙofar da ba ta rufu sosai ba, fis ɗin kulle ƙofofi, ko batirin motar da ya yi sanyi. Matsar da ita daga gindin eriyar sadarwa ka sake gwadawa. Sai duk waɗannan sun gaza ne zan ce ka nemi mai wayarin da ke da na'urar haɗa makulli, kuma ka tafi da duk makullan motar, domin a wasu motocin wanda ba ya wurin lokacin haɗawa daina aiki yake yi.