Saiwar albasa da aikin Gungawa a ƙasar Yauri

In ka tumɓuke albasa a lambun bakin ruwa, ba za ka ga wata doguwar jijiya da ta nutse ƙasa ba. Tarin jijiyoyi ne farare sirara kamar gemun akuya, yawancinsu iyakarsu taƙi ɗaya ko ɗan fin haka. Wannan gajartar ita ta tsara wa manomin Yauri yininsa.

Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, sun yi suna da noman albasa tun suna zaune a gungunan kogin Kwara. Da yake saiwar ba ta iya bin danshi can ƙasa, dole mai lambu ya kai mata ruwa har inda take. Dā da ƙwarya ake ɗibowa daga kogi ana watsawa fangali bayan fangali, safe da yamma. Yau inji ya karɓi wannan wahalar, amma fangalin bai canja ba: ƙarami, mai ɗan gefe da zai tare ruwa.

Sai an zo dashe ake gane gwani. A jiƙa gadon iri tukuna, a ciro shi da lakarsa, a datse kan ganyen, a dangwala da yatsa ba tare da an zurfafa ba. Ko wasu jijiyoyin sun tsinke, gindin zai fitar da sababbi, shi ya sa albasa da shinkafa ke jure dashe. Wake da gyaɗa, masu uwar jijiya guda, ba a yi musu haka. Ciyawa kuwa da hannu ake cire ta, don fartanya na iya yanke saiwar da ke kusa da sama.

Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye gungu da yawa, aka mayar da mutanensu sababbin ƙauyuka a gaɓa. Ƙasar tudu ba ta kai lakar gungu ba, sai jama'a suka koyi bin ruwa: yana janyewa, suna shuka a danshin da ya bari, daga Shanga har Ngaski.

In albasa ta nuna, ganye ya kwanta, sai a ɗauke mata ruwa kafin a cire. Mata su daka lawashin su shanya gabu don miya, buhunan kuma a loda su a jirgin ruwa zuwa kasuwar Yelwa.