Jigawar St Andrews da Gasarta

Duk wanda ya tashi a Bacirawa ya san darajar taku ɗaya na ƙasa. A wannan yanki na arewacin Kano gona manne take da gona, kuma filin da aka ce ba shi da mai shi ba ya kwana biyu sai an ga an kafa masa turaku. Shi ya sa labarin wata jigawa da ke bakin teku a garin St Andrews na ƙasar Sikotland ya daɗe yana cikin raina.

Jigawa ce ta sosai: rairayin da iskar teku ta tara, gajerar ciyawa, tudu da kwari, ƙasar da ba ta karɓar garma. A da tumaki ake kiwo a kanta, mutanen gari kuma na buga 'yar ƙwallo da sanda zuwa rami, wasan da ake kira golf. A 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya sa hannu a takardar da ta tabbatar wa jama'a haƙƙin yin wasa a wurin. A 1764 aka rage ramukan filin daga 22 zuwa 18, duniya kuwa ta bi wannan ƙidaya har yau.

Saura ƙiris filin ya salwanta. A 1797 bashi ya ci majalisar gari, ta sayar da shi, ya faɗa hannun masu kiwon zomaye. Zomo kuwa haƙa ce sana'arsa. Aka shafe kimanin shekara 20 ana shari'a tsakanin 'yan wasa da masu zomaye, rigimar da duk wanda ya taɓa ganin an nome burtali zai gane ta, har a 1821 wani mai ƙasa a yankin, James Cheape, ya saye filin ya bar wa masu wasa. A 1894 doka ta mayar da shi hannun gari.

Gasar Open, wadda ta girmi duk manyan gasannin golf, an fara ta a Prestwick a 1860, ta iso St Andrews a 1873. Wanda ya ci ta a karon farko a St Andrews ɗan gari ne mai ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, Tom Kidd, ya tafi gida da fam 11. Bobby Jones na Amurka ya zo a 1921, filin ya ƙure masa haƙuri ya bar gasar a tsakiya. Ya dawo a 1927 ya lashe ta, ya kuma so wurin har ƙarshen ransa. Daga Afirka ta Kudu waɗanda suka ci ta a can su ne Bobby Locke a 1957 da Louis Oosthuizen a 2010.

Shekara biyu ne na fi komawa kansu. A 1970 Doug Sanders ya tsaya a rami na ƙarshe, tsakaninsa da kofi bugu ɗaya ne da bai kai kamu biyu ba. Ƙwallon ta goce ta gefe. Washegari aka sake karawa, Jack Nicklaus ya kayar da shi da bugu ɗaya tak, Sanders kuwa har ya rasu bai ɗauki babban kofi ba. Sai 2000, lokacin da Tiger Woods yake ɗan shekara 24. Filin na da ramukan tarko na yashi 112, waɗanda ake cewa asalin wasunsu makwancin tumaki ne masu fakewa daga iska. Woods ya yi kwana huɗu yana wasa ƙwallonsa ba ta faɗa ko ɗaya ba, ya ba na biyu tazarar bugu 8.

A 2022 aka yi gasa ta 150, karo na 30 ke nan a St Andrews. Cameron Smith na Ostareliya ya ci, ya karɓi dala miliyan 2.5.

A ganina ba kuɗin ne abin mamaki ba. Abin mamaki shi ne har gobe filin na gari ne, wata hukumar amana ke kula da shi tun 1974, kuma ba sai ɗan wata ƙungiya ne zai buga wasa a kai ba. Akwai hanya, Granny Clark's Wynd, da ta ratsa tsakiyar filin rami na farko da na ƙarshe, mutane na bi ta nan zuwa bakin teku, 'yan wasa su dakata su wuce. Burtali ke nan da ba a toshe ba, alhali a wajenmu na ga makiyaya da filayen da yara ke dambe da langa bayan kaka sun koma fulotai cikin 'yan shekaru, abin yana kuma yi mini ciwo.

A 2027 gasar za ta koma can. In ba lokacin babbar gasa ba, ranar Lahadi rufe filin ake yi ga 'yan wasa, iyalai su fito da yaransu su yi ta yawo a kan ciyawar da Sanders ya tsaya.